Takardar da Na Bi Har Darki

Duk shekara ana turo mana 'yan makaranta koyon aiki, kuma duk shekara sai an sami wadda za ta dube ni ta ce, "Anti, ai sikanin ba shi da wuya, a shafa jel ne kawai a goga." Ba na musu da su. Nakan bar su su yi sati guda suna duba mata masu juna biyu, inda kan jariri yake fitowa a allo ƙato kamar ƙwarya, kowa ya gane shi. Ranar da aka kawo yaro ɗan wata takwas yana tsala ihu, aka ce a nemo ƙwan marainansa da bai sauko ba, abin da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ranar nake miƙa wa mai maganar furob, wato kan na'urar da ake ɗorawa a jiki, in koma gefe in harɗe hannu. Ba a yin minti biyar take juyowa tana nemana da ido.

Ni ma da irin tunaninsu na shigo. A littattafan da na taso ina haya a bakin kasuwa, ɗakin sikanin wuri ne mai sanyi da ƙamshin turare, ango yana riƙe da yatsun amarya, likita ta juyo da murmushi ta ce tagwaye ne. Wannan likitar nake son zama. Da aka ɗauke ni aiki a wani ƙaramin asibiti a Wudil, sai na tarar da ɗaki mai taga ɗaya, fanka mai kuka, da benci cike da mutanen da suka baro gona. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina cikinsa, har yau ban ga ango ya riƙe hannun kowa ba.

Aikin farko da malamina, Malam Dauda, ya ba ni, a asibitin da na koyi aiki a Kano, aike ne wurin mahauta. Ya ce in sayo masa marainan rago, kuma in roƙi mahaucin ya haɗa mini da kaluluwa ɗaya daga matsematsin ragon. Ina budurwa a lokacin. Mahaucin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, a gasa wa maigida ne, ko ɗanye yake so?" Duk rumfar ta kwashe da dariya. Na dawo ina kumbure-kumbure, Malam Dauda bai ko kalle ni ba, ya zuba su a roba ya cika da ruwa, ya ce in duba su da na'ura har sai na iya bambanta su ido rufe. Kwana uku na yi a kan robar nan, har ɗakin ya fara wari. A nan na koyi cewa ƙwai a allo launinsa ɗaya ne sumul, kamar garin da aka tankaɗe, da wani siririn farin layi kamar zare a cikinsa. Kaluluwa kuwa bakinta duhu ne, tsakiyarta fari mai kauri. A na'ura mai kyau ba sa kama da juna. A na'ura maras kyau, ko a idon mai sauri, kamar 'yan uwa suke.

Doka ɗaya ya kafa mini, kullum sai ya maimaita ta. "Binta, biyu Allah Ya ba shi. Kada ki ɗauki biro sai kin ƙirga biyu. In ba ki ga na biyun ba, ki rubuta ban gani ba. Kada ki kuskura ki rubuta babu. Babu ba maganarki ba ce, ta likitan tiyata ce bayan ya leƙa cikin da kansa."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Furob biyu ne: babba mai lanƙwasasshen baki na duba cikin manya, da siriri mai miƙaƙƙen baki na abin da ke kusa da fata. Sai jel, sai 'yar na'urar da ke fitar da hoto a takarda. Abin da ba a rubuta a littafin makaranta da manyan baƙi ba shi ne, ƙwan yaro matsoraci ne. Ka taɓa cinyarsa da jel mai sanyi, sai ya gudu sama ya ɓuya a matsematsi, kai kuma ka rubuta cewa bai sauko ba alhali lafiyarsa lau. Shi ya sa nake tsoma kwalbar jel a ruwan ɗumi kafin in taɓa yaro.

Juma'a ce ranarmu mai nauyi, saboda duk wanda ya zo cin kasuwa yakan haɗa da asibiti. Ba mai kiran abin da sunansa. Sai dai a ce, "Gabansa ne, Malama," a sunkuyar da kai. Yawanci ruwa ne ya taru, ko ƙaba, ko ƙwai ɗaya ya tsaya a hanya. Amma akwai waɗanda sai ka yi shekaru ba ka ga irinsu ba. An taɓa kawo mini yaro daga Utai, na ƙirga biyu, na koma na sake ƙirgawa na sami uku. Uban ya ce, "To Malama, ragi ake yi ko kuwa mu gode wa Allah?" Wani kuma daga Kausani, na ga wani tsiro manne da ƙwan hagu wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Na rubuta girmansa da kamanninsa, na ce ban san sunansa ba. Daga baya likitocin Kano suka aiko cewa guntun saifa ne ya biyo ƙwan tun yaron yana ciki. Ban ji kunyar cewa ban sani ba. Abin da ya ba ni kunya daban ne.

A shekarar da siririn furob ɗinmu ya mutu abin ya faru. Ɓera ne ya ci wayarsa, mai asibitin kuma kullum sai ya ce yana hanya daga Legas. Wata bakwai yana hanya. Duk wannan lokacin da babban nake duba yara, in cika safar hannu da ruwa in ƙulle, in ɗora a jikin yaro, sannan in ɗora furob a kanta don hoton ya ɗan fito. Yana fitowa, amma dishi-dishi, kamar kana leƙen mutum ta labule. Damina ce, rufin ɗakin yana yoyo daidai kan kujerata, janareta kuma ƙarfe ɗaya ake kashe shi ko da wa ke kan gado.

Wata Juma'a, saura kaɗan a kira salla, wani dattijo ya shigo saɓe da jikansa ɗan shekara biyu. Sunansa Malam Isiyaku, daga Darki, yaron kuma sunansa ya ci, ana kiransa Abba. Uwar tana biye da su, yarinya ce siririya cikin shuɗin hijabi, idanunta manya kamar an zana su, amma tun da ta shigo ta juya fuska ga bango. Takardar malamin asibitin ƙauyensu ta ce kumburi a matsematsin dama.

Na ce mata, "Tun yaushe kika lura da shi?"

Ta ce, "Oho."

"Yana masa ciwo in kina masa wanka?"

"Ni ban sani ba."

Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wace irin uwa ce wannan. Dattijon ya ce, "Ɗan fari ne, Malama." Na ji maganar, amma ban tsaya a kanta ba. Na san al'adar sarai: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban surukinta wanda yaron ya ci sunansa. Abin da ya kamata in tambaya shi ne wa ke masa wanka. Ban tambaya ba, saboda mata goma sha wani abu suna jira a benci, ga agogo.

Malam Isiyaku ya kwantar da yaron, ya zame wandon ta gefen dama kaɗai, ya rufe sauran da tafin hannunsa. Ya ce, "Nan ne ciwon, nan aka rubuta." Ruwan ɗumina ya huce tun safe, jel ɗin sanyi ƙalau, yaron ya banƙare yana ihu. Na ga ƙwan dama a jakarsa lafiya. Sama da shi kaɗan na ga wani abu mai siffar ƙwai da fari a tsakiya. Kaluluwa, in ji ni. Na danna hoto, na farkon ya fito da zane a gefe, na sake wani na liƙa a takarda. Na rubuta, na sa hannu, na buga hatimi. Hoton da ya lalace na cusa shi a littafin da nake karantawa don in gane inda na tsaya.

Dattijon yana ɗaura wa yaron wando ya ce, "To alhamdu lillahi, kaluluwa ai aikin Sarkin Aska ne. In maganin asibiti bai yi ba zuwa Alhamis, sai a yi mata sakiya." Na ce masa a'a, a dai sha magani, amma bakina ne kawai ya faɗa, idona yana kan mai shigowa.

Ranar Alhamis da safe janareta ya ƙi tashi, aka tafi neman mai gyara. Na jawo littafina na zauna bakin taga. An kai inda saurayin ya tsaya a ƙofar gidansu yarinyar cikin ruwan sama, ina ɗokin jin ko za ta fito. Ina buɗewa hoton ya faɗo kan cinyata. A hasken taga, ba yaro mai ihu, ba layi, sai na ga abin da ban gani ba ranar Juma'a. Abubuwa biyu, ɗaya saman ɗaya, girmansu ɗaya, launinsu ɗaya, kamar garin da aka tankaɗe. Farin da ke tsakiyar na saman siriri ne kamar zare.

Na tambayi kaina, nawa na ƙirga? Ɗaya. Hagun ban ma gan shi da idona ba, yana ƙarƙashin tafin dattijo.

Akwai halittar da Malam Dauda ya taɓa nuna mini a littafi, ya ce wataƙila in yi ritaya ban gamu da ita ba: ƙwan hagu ya ɓata hanya tun a ciki, ya bi ɗan uwansa suka fito ta ƙofa ɗaya a dama. In haka ne, abin da na kira kaluluwa ƙwan yaron ne na biyu. Sakiya kuwa, ga waɗanda suka tashi a birni, ita ce wanzami ya sa tsinken ƙarfe a wuta ya yi ja, ya huda kumburi don ruwan ciki ya fita. Kuma ranar Alhamis ce.

Lambar da ke rajista ta uban yaron ce, direban motar shanu, yana kudu, ba ta shiga. Na kira sau huɗu ina zagaya ɗakin. Na ɗauki hoton na fita ko rigar aiki ban cire ba. A tasha motar Darki saura mutum biyar, ban iya jira ba, na hau acaɓa, abin da na yi shekaru ban yi ba. Gero ya yi tsayi hagu da dama, kore shar, a wata rana da na tsaya kallo. Ranar sai cewa nake, "Malam, ƙara wuta." Ya ce, "Hajiya, haihuwa za ki karɓa ne?" Na ce, "Tafi dai."

Ranar kasuwar Darki ce, ba wurin sa ƙafa. Na kutsa ta 'yan hatsi ina tambayar rumfar wanzamai, wani ya nuna gabas, wani ya nuna yamma. Da na same ta, abin da na fara gani kasko ne da garwashi, tsinken ƙarfe a ciki. Sannan na ga Abba zaune a cinyar kakansa yana tsotsar rake. Sarkin Aska tsoho ne mai farin gemu, zabirarsa a buɗe a gabansa, takardata kuma a hannunsa, ya riƙe ta a juye.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe su, numfashina yana sama. Malam Isiyaku ya washe baki. "Yauwa, ga ma mai injin da kanta! Malama, faɗa masa. Tun hantsi yake ja mini rai."

Sarkin Aska ya ce, "'Yata, ni dai na taɓa. Shekara arba'in ina taɓa kaluluwa, wannan hannuna bai yarda da ita ba, tana zillewa. Amma ya ce inji ya gani, ga hatimi. Wane ni in ƙaryata hatimi? Na ce to, bari ƙarfe ya yi zafi."

Na ce, "Baba, ba ni takardar."

Ya miƙo. Na yaga ta biyu, na sake yagawa. Har wanda ake yi wa aski ya ɗago da rabin kai.

Malam Isiyaku ya ce, "Ke! Lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Baba, ni na rubuta ta, kuma ba daidai na rubuta ba. Ban duba hagu ba. Sarkin Aska, don Allah a cire ƙarfen nan daga wuta, ka duba mana hagunsa."

Wani daga baya ya ce, "Yau inji ya zo bikon wanzami." Aka yi dariya, ban da dattijon. Sarkin Aska ya ɗauki yaron, ya juya wa jama'a baya, ya lulluɓe shi da hannun babbar rigarsa. Bai daɗe ba ya juyo.

"Wayam," in ji shi. "Malam Isiyaku, hagu babu kowa."

Dattijon ya dubi kaskon, ya dube ni, ya sake duban kaskon. Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "A gidana, shekara biyu, ba wanda ya faɗa mini?"

Amsar tana gida. Ya ce sai na bi shi, na bi shi. Matarsa, Iya Tabawa, tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, ta saurari labarin ba ta saki muciya ba. Da ya gama ta ce, "Wa ya tambaye ni? Mijina ne, ni nake masa wanka tun da aka dawo da shi daga wankan gida, wa zai fi ni sanin kayansa? Na ce zai sauko in ya fara tafiya, bai sauko ba. Na ce sai an yaye shi. Ranar Juma'a na ɗauko mayafi zan bi ku, wannan tsohon ya ce mota ba ta ɗaukar masu surutu." Ta nuna shi da muciya. "To ga shirun ya kai ka rumfar wanzami." Uwar tana tsugune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba, amma na lura hannunta ya tsaya cak a cikin faifan.

Ranar Asabar suka dawo su huɗu, Iya Tabawa a gaba. An kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, butar dafa ruwanmu kuma ta ƙone. Na shirya safar hannu, na juya zan ɗauki jel, babu kwalbar a kan tebur. Na duba ƙarƙashin gado, na duba aljihun tebur, na fara faɗa. Sai na ga shuɗin hijabi ya motsa. Uwar, fuskarta a bango kamar ranar farko, ta zaro kwalbar daga jikinta ta miƙo ta baya. Ɗumi gare ta kamar an ɗauko ta daga rana. Ashe ta ji lokacin da nake gaya wa Iya cewa sanyin jel ne ya sa shi ihu wancan karon.

Yaron bai yi kuka ba. Kakarsa ta tuɓe shi gaba ɗaya tana masa tsiya, wai angon da ba ya jin kunya. Na ɗauki kusan rabin awa. Hagu ban ga komai ba, daga jaka har matsematsi. A dama na ga biyu, ɗaya a jaka, ɗaya a bakin hanya, kowanne da igiyarsa, ga 'yar ƙaba tare da su. Na rubuta abin da na gani da inda na gan shi, na tura su wurin likitan tiyatar yara a Kano. Da yamma na kira Malam Dauda na ba shi labari tun daga farko. Ya ce, "Ranar Juma'a nawa kika ƙirga?" Na ce ɗaya. Ya ce, "Yau fa?" Na ce biyu. Ya ce, "To. Turo mini hoton in nuna wa yara."

A Kano aka gyara ƙabar, aka ratsa da ƙwan ta bangon da ke tsakiyar jakar aka zaunar da shi a hagu. Likitan ya ce da an kawo shi tun bai kai shekara ɗaya da rabi ba ya fi, amma ƙwan yana da rai. Sarkin Aska kuwa, har ya rasu, duk yaron da aka kai masa kaciya ya ji hannunsa bai gamsu ba, sai ya turo mini shi da saƙon baki: a ce wa Malama ta ƙirga.

Shi ya sa, ku masu koyo, in kun ga na tambayi wa ke yi wa yaro wanka kafin in tambayi uwarsa komai, ba gulma nake nema ba. In kun ga na ce a cire wando duka, ko kakan ya ɓata rai, ku bar ni da shi. In kuma kun ga na miƙa wa uwa kwalbar jel na ce ta riƙe mini a cikin hijabi, alhali ga sabuwar buta a kan tebur, kada ku ce Anti ta tsufa. Wadda ba za ta iya taɓa ɗanta a gaban mutane ba, ta nan take taɓa shi.

Bayan wata shida aka dawo da Abba in sake dubawa, sabon furob ya iso daga doguwar hanyarsa. Da na gama, Malam Isiyaku ya fita da yaron, Iya Tabawa ta bi su tana mita a kan takalminsa. Uwar ta rage a baya kamar tana gyara hijabi. Tun da na san ta ban taɓa jin ta fara magana ba. Ba ta kalle ni ba, bangon ta tambaya.

"Malama, nawa?"

Na ce, "Biyu. Kowanne a ɗakinsa."

Ta ajiye mini kwalbar a kan tebur, da sauran ɗuminta, ta bi bayansu.